Kalle Ni, Yaya

Shekara ashirin da shida na yi ina cin abinci da idona, saboda haka in na ce na san darajar ido, kada wanda ya yi mini musu. Sunana Almut. A birnin Jena aka haife ni, a nan kuma na yi aiki, a wata masana'anta da ke bakin kogi inda muke goge bakin zaren gilashi, siririn zaren nan da ke ɗaukar saƙon duniya a cikin haske. Aikina in sa kowane baki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in duba ko akwai tsaga ko ƙura. Ranar da aka ɗauke mu, shugabar sashenmu ta jera mu ta ce doka ɗaya ce tak: kada ki kuskura ki leƙa bakin zare kai tsaye. Hasken da ke ciki ba a ganinsa, ba ya zafi, sai dai ki wayi gari da baƙin tabo a tsakiyar ganinki. Dokar nan ta bi jikina har ta zama hali. Ko fitila ba na kallo kai tsaye, balle mutum. In muna magana, girarka nake kallo ko gefen kuncinka.

Halin nan ya sha ja mini faɗa a gida. Duk ranar Lahadi in mun zauna cin abinci aka ɗaga tambulan za a gwara, sai Mama ta ce, "Almut, kalli mutane cikin ido in kina gwarawa! So kike ki ja mana shekara bakwai na tsiya? Wace irin 'ya ce wannan?" Sai a yi dariya, ni ma in yi, in ci gaba da kallon gira.

Gernot ƙanena ne, shekara tara na ba shi. Babanmu ya rasu yana ɗan shekara huɗu, Mama na aikin safe da yamma, don haka ni na yi masa wanka, ni na kai shi makaranta, ni na rama masa duka. Yana shekara goma sha tara wani sandan gilashi ya fashe a bakin tanderu inda yake koyon sana'a, ya tafi da idonsa na hagu. Kwana goma sha ɗaya na yi a kan kujerar asibiti ina riƙe da hannunsa. Tun daga nan idon gilashi yake sawa, kuma duk bayan shekara biyu sai an sake sabo, don hawaye na cin gilashi.

Bai koma bakin tanderu ba. Hannun jari ya shiga, kuma ba ya sayen komai sai kamfanonin sana'armu.

"Yaya, ke kina goge zare ana ba ki albashi, wani ƙato na zaune a Frankfurt yana cin guminki," in ji shi, yana nuna ni da cokali. "Manyan rumbunan kwamfutar nan da ake ta ginawa, da me za su yi magana da juna? Da zarenku. Da akwatunan da ke rarraba saƙo, da 'yan lezar nan masu harba haske cikin zare, da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kowa na rububin rijiya, ni igiya da guga zan saya."

"Sau nawa ka sayi igiyar tana tsinkewa?" na ce.

Matarsa Doreen ta fashe da dariya har ta ƙware. Shi bai yi dariya ba.

Gaskiyar magana, ya san fagen. Abin da bai sani ba shi ne dokin da zai ci tseren. Kamfani ashirin ke ƙera abu iri ɗaya, ɗaya ya ci babbar kwangila, sauran su bushe, kuma Gernot kullum yana cikin sauran. Ya taɓa ce mini, "Da zan ga wanda zai ci kafin a sanar, ko da kwana uku ne, da an ga aiki." Na ɗauka maganar takaici ce kawai.

Wata Asabar a watan Maris ya kira ni da safe. Ya ce ya samu sabon mai hura idon gilashi a wani ƙauye can cikin dajin kan duwatsu, tsohon hannu, ya roƙe ni in tuƙa shi, don in an sa sabo idon yakan yi ta ruwa. Na bar wanki a inji na ɗauki makulli. Ƙanena ne, me zan tambaya?

Gidan yana ƙarshen ƙauyen, an lulluɓe shi da baƙin allon dutse tun daga rufi har ƙasa. Tsohon da ya buɗe mana sunansa Ruppert, ɗan siriri, gashin girarsa duk wuta ta cinye. Ɗakin farko babu abin mamaki: teburi, fitilar gas, sandunan gilashi kala-kala a cikin gwangwani. Amma bai zaunar da mu a nan ba. Ya ɗaga wani labule, muka sauka matakala uku.

Rana na tsaka a waje, amma ɗakin nan bai san da ita ba. Bangon huɗu duk kantoci ne, kantocin cike da idanu, ɗaruruwa, kuma kowane ɗaya ƙofa yake kallo. Daga rufi zaren gilashi ne ke reto dami-dami kamar gashin tsohuwa. Ba a haɗa su da komai ba, na duba da kyau, sana'ata ce, amma bakin kowane zare yana ɗan ja kamar garwashi. Nan take na kauda kai. A tsakiyar ɗakin akwai wani dutse mai rami, ramin cike da baƙin ruwa, a gefensa wuta shuɗiya tana ci ba ƙara, ba hayaƙi. Wurin yana warin ƙonannen gashi da ruwan tsami.

Tsohon ya zauna ya dubi Gernot. "Idon rufe rami kake so, ko idon gani?"

"Na gani."

"Ganin me?"

"Abin da zai tashi kafin ya tashi."

"Kowa haka yake cewa." Ya ɗauki wani sanda ya sa a wuta yana juyawa. "Yayarka ta san zare, tambaye ta. Baki biyu gare shi. In haske ya fito ta nan, ta can aka zuba shi. Ni ba na ƙirƙirar haske, yaro, jawowa nake yi."

Gernot ya zaro walat. "Faɗi kuɗinka, Baba."

"Mai da takardunka aljihu. Da kuɗi nake nema da ba a wannan ramin ka same ni ba. Ka zo da abin da na ce?"

"Na zo da shi."

"Da yardarka?"

Gernot ya mai da walat ɗin aljihu. Ya kauda kai yana kallon kantocin.

"Ba na maimaita tambaya sau uku," in ji tsohon. "Ga ƙofa can, ba a kulle take ba. In ka fita yanzu zan hura maka idon rufe rami, mai kyau, kyauta ma."

"Da yardata," in ji Gernot. Sai ya juyo wurina. "Yaya, don Allah ɗauko mini kwalbar nan da ke bayan mota."

Kwalbar barasa ce da ya saya a hanya. Na ce a raina, ashe ladan ke nan, tsofaffin kan dutse da son camfi. Har da murmushina na hau matakala.

Da na dawo, Gernot ya cire tsohon idonsa, jini na ɗan tsatsa a fatar ramin. Tsohon ya tari jinin da hawayen a wani ƙaramin cokali, ya juye a baƙin ruwan, ya tsoma narkakken gilashi a ciki. Ko ɗan yaro ya san gilashi mai zafi in ya taɓa ruwa fashewa yake yi. Wannan bai fashe ba, ya sha ruwan ne. Tsohon ya sa bututu a baki ya hura har ƙwallon ya kumbura, yana wasu maganganu ta hanci, sannan ya nuna mini kujerar da ke gabansa.

"Zauna, in ɗauki launi."

"Ai idonsa na dama ake kallo," na ce. Na sha raka shi, na san yadda ake yi.

"Nawa ya yi ja, kallon kwamfuta ya ɓata shi," in ji Gernot da sauri. "Ai iri ɗaya ne da naki, Yaya, idon Mama ne. Ina so in riƙa yawo da naki."

Wallahi daɗi na ji. Abin da ke cina ke nan har yau, daɗi na ji. Na zauna, tsohon ya yi ta ɗiga launi da siririn sanda, kore-kore da toka-toka, har ɗan ɗigon ruwan ƙasa da ke idona na hagu sai da ya sa. Yana cikin aiki ya tsaya.

"Ke ba kya kallon mutum."

"Aiki ya hana ni."

Ya yi wata 'yar dariya ya dubi Gernot. "Za ka sha wahala," ya ce.

A hanyar dawowa muka tsaya wurin mai gasa tsire a bakin titi. Gernot ya sayo kwalba biyu ta ruwan tuffa, ya ɗaga tasa. "Mu gwara wa sabon ido. Kalle ni, Yaya." Na gwara ina kallon girarsa. Ya ce a sake, na sake yadda na saba. Ya yi tsaki ya koma mota ya bar ni tsaye.

Kafin bazara ta ƙare labari ya canza. Zai buɗe jerin kamfanoni a kwamfuta, ya rufe idon dama da tafin hannu, sai suna ɗaya ya yi ja a cikin na gilashin. Doreen ce ta gaya mini, tana dariya, ta ɗauka wasa yake yi. Na farko wani ɗan kamfani ne mai yin ƙananan tabarau da ba wanda ya san da shi. Kwana huɗu da sayensa aka sanar ya ci kwangila, farashinsa ya ninka uku. Na biyu masu akwatunan rarraba saƙo ne, na uku masu leza. Bai ƙara faɗuwa ba ko sau ɗaya. Ya sayi gida a kan tudu mai kallon garin gaba ɗaya, Doreen ta bar aikin kantin magani, abokan teburinsa na ranar Juma'a suka sa masa suna Bokan Zare, suna bin sa da tambaya kamar kaji sun ga mai tsaba.

Amma yana ta ramewa. Idon gilashi sanyi gare shi, nasa kuwa in ka matso sai ka ji ɗumi. Yakan dafe gefen kansa ya yi tsaki. Kuma duk haɗuwarmu, ko gahawa muke sha, sai ya ɗaga kofi ya ce, "Kalle ni, Yaya." Tun yana faɗa da wasa har ya koma faɗa da haushi. Ni kuwa, sakarya, na ɗauka kewata yake yi.

Ranar da Mama ta cika tamanin muka taru a gidanta da la'asar, ga kek, ga gahawa, ga maƙwabta. Gernot ya zo idonsa na hagu na zubar da wani ruwa ja-ja, yana ta gogewa da hankici. Ni ya fara nufa da tambulan.

"Yau dai, don darajar Mama, kalle ni."

"Kai, ka dame ni! Ga girarka nan ina kallo, ba ta ishe ka ba?"

"Rabu da ita," in ji Mama daga kan kujerarta. "Wannan ko a ranar aurenta kunnen mijin ta kalla. Zo nan, auta, zo ka gwara da uwarka. Ni ba na jin kunyar idon ɗana."

Ya tsaya. Na gan shi da idona, ya tsaya kamar wanda aka kira daga nesa. Sannan ya taka, ya durƙusa a gabanta, ta riƙe haɓarsa da hannu ɗaya tana kallonsa tana murmushi, suka gwara.

Washegari da safe ta kira ni tana faɗa, wai wa ya rufe mata tagogi. Likitoci sun yi iya dubawarsu, suka ce ƙwayar idon lafiya lau take, jijiyar ce ta mutu, ba su san dalili ba. Mako biyar bayan nan ta tashi neman banɗaki a gidan da ta yi shekara hamsin a ciki, ta zame daga saman matakala. A wurin cin abincin bayan jana'iza na ga Gernot ya sunkuyar da kai ƙarƙashin teburi. Na ɗauka kuka yake yi, na je in dafa shi, ashe waya yake dubawa. Idon ya daina ruwa, fuskarsa ta ciko, kuma a makon ne ya ci ribar da ta fi kowace girma.

Doreen ta biyo baya da shekara ɗaya, ranar tunawa da aurensu. Ita ba duhu ta samu ba. Jan haske take gani yana gudu a cikin kanta, layi-layi, ba tsayawa, ko ta rufe ido ko ta buɗe. Ta fasa madubin gidan duka, ta yi ta yagar fuskarta har sai da aka ɗaure mata hannu aka kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali. Na je duba ta da 'yar tukunyar miya. Tana jin muryata ta daina kuwwa.

"Almut? Matso." Ta kamo rigata da yatsun da suka rage mata a sake. "Shi ya ce in kalle shi. Ya yi kuka tukuna, amma ya ce in kalle shi. Ba ni ba ce, kin ji? Ya ce ba ni ce ya kamata ba. Ke ce. Ke kika ƙi."

Ma'aikaciyar jinya ta ce kada in sa a rai, haka take ta sambatu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Na fito na zauna a mota, miyar na kan cinyata, na tuna tsohon nan yana cewa za ka sha wahala. Ban koma wurin aiki ba, na kama hanyar daji.

Na same shi a bakin wutarsa, kamar jiya na bar shi. Bai yi mamaki ba.

"Me ƙanena ya kawo maka ran nan?"

"Kin sani, ai da ba ki zo ba."

"Kwalba ya kawo."

Ya nuna lungu da haɓa. Ga ta nan, ƙura ta rufe ta, ko buɗewa ba a yi ba. "Ni ba na sha. Abin da ya kawo da ƙafarsa ya shigo, shi ya ma tuƙo motar."

Na zauna a kan matakala. Tsohon ya jawo wani aljihun teburi ya ajiye a gabana. Idanu biyu-biyu a kan auduga. Na Mama na gane su nan take, har da ɗan farin da tsufa ya zagaya musu. Na Doreen shuɗaye. Kusa da su akwai gurbi biyu babu komai.

"Wannan wurinki ne," in ji shi. "Ke aka yi ciniki a kanki. Idon yana jin yunwa, in bai samu abin da aka yi masa alkawari ba sai ya ci abin da ya samu, ya ɗan lafa, ya sake tashi. Ni ban taɓa zaɓar wa kowa ba. Na ce masa ya kawo wanda ya fi yarda da shi a duniya, shi ya san wanda ya kawo."

Sai na hangi hoto a jingine kusa da wutar, da sandunan launi a gabansa. Marit ce, 'yata, ita kaɗai gare ni, shekararta ashirin da ɗaya, tana gab da gama koyon gyaran tabarau. Hoton a gidana aka ɗauka, ni na ba Gernot da hannuna.

"Watan jiya ya dawo," in ji tsohon. "Ya ce yayarsa ta gagara, a karɓi 'yarta. Na ce jini ɗaya ne, duk wadda ta riga shigowa ciniki ya rufe."

"In ya rufe fa?"

"Yunwa ta ƙare. Gani ma ya ƙare, ya koma gilashi kamar kowane."

"Ya san haka?"

"Bai tambaya ba. Shi a zatonsa in ya biya ya mallaka ke nan."

Na ce zan kira 'yan sanda. Ya ce, "Ki ce musu me?" Ya ci gaba da juya sandansa a wuta.

Na gaya wa Marit komai a daren farko da ta zo cin abinci. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta dafa goshina. "Mama, rasuwar Kaka ce ke damunki. Kawu Gernot fa? Mutumin da ya koya mini keke? Ki je ki ga likita, don Allah." Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ta rantse ba za ta gwara tambulan da shi ba. Ta rantse irin rantsuwar da ake yi wa tsofaffi don su yi shiru. Na san ba zan iya tsare ta kullum ba. Yau biki, gobe Kirsimeti, jibi su haɗu a gari ya ce zo mu sha wani abu, ita kuwa yarinya ce mai kallon mutum tsakiyar ido, kamar kakarta.

Saura kwana tara a yi walimar gama koyonta. Na ɗauki hutu. Kwana taran nan kallo na yi, ba abin da na yi sai kallo. Na hau tudu na kalli garin, na kalli kogi, na zauna a lambuna na kalli jan kabeji kamar ban taɓa gani ba. Na fito da hotunan Mama. Marit kuwa har ta gaji da ni. "Mama, lafiya? Wani abu ne a fuskata?" Na ce babu, ci abincinki.

Ranar Asabar muka yi walimar a lambu, da rana, ana gasa nama, ƙawayenta na ta shewa. Na aika masa kada ya zo. Ƙarfe uku sai ga shi da furanni da ƙaton akwatin kyauta, ya rame kamar kara, hankicinsa ya jiƙe da jan ruwa. Marit ta ruga ta rungume shi. Ya karɓi tambulan biyu daga kan teburi, ya miƙa mata ɗaya.

"'Yar Kawu ta zama gwana. Zo mu gwara. Kalle ni nan."

Na karɓe tambulan ɗin daga hannunta, na ture ta bayana.

"Ni ka fara roƙo," na ce. "Shekara uku kana roƙona."

"Yaya..."

"Na je wurin tsohon. Na ga Mama a cikin aljihun teburi. Na ga hoton da na ba ka."

Ya matse tambulan ɗin a hannunsa. Mutane sun yi tsit, naman na ƙonewa ba wanda ya kula.

"Ni na yi maka wanka, Gernot. Kwana goma sha ɗaya na yi a kujera lokacin da ka rasa wancan idon. Ga ni, zan kalle ka. Kana da fatar ido kamar kowa, in ka ga dama ka rufe."

Na ɗaga kai, karo na farko cikin shekara ashirin da shida, na kalli mutum kai tsaye. Idona ne na gani a ramin. Nawa, da ɗan ɗigonsa na ruwan ƙasa, yana kallona daga fuskar ƙanena, can a tsakiyarsa wani ɗan ja yana motsi. Ban miƙa tambulan ɗin ba. Na riƙe shi a ƙirjina na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, har biyar, ina ba shi lokaci. Har ga Allah a lokacin ina sa rai. Na ce yaron da na goya yana nan a ciki, zai rufe, zai juya, zai jefar da tambulan ɗin ya faɗi ƙasa yana kuka.

Na dama ne ya yi hawaye. Na hagun bai ko ƙifta ba. Shi ya miƙo hannu, tambulansa ya taɓa nawa.

Ban ji zafi ba, dama an gaya mana ba ya zafi. Na ajiye tambulan ɗin na juya wurin Marit, na riƙe fuskarta, na yi ta kallonta har rana ta faɗi, tana tambayata me ke faruwa ina ce mata tsaya dai. Ta gefen ido na ga Gernot ya fita ta ƙofar lambu, tun bai kai mota ba ya zaro waya. Washegari na ji ƙararrawar coci, na ji ɗumin rana a kumatuna, na buɗe ido babu komai.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji. Ranar Litinin ya buɗe jerinsa ya rufe idon dama, ba abin da ya yi ja. Ya yi mako yana zaune gaban kwamfuta. Mutumin da ya shekara uku bai yi kuskure ba ya manta yadda ake shakka, don haka da ya ga wani abu kamar ja a kan sunan wani kamfanin leza, wataƙila jinin idonsa ne, sai ya tattara duk abin da ya mallaka ya zuba. Wata biyu bayan nan masu manyan rumbunan kwamfutar suka koma wani sabon salo, kayan kamfanin suka zama tarkace. Gidan kan tudu ya tafi, motar ta tafi. Abokan Juma'a da suka bi shi suka zuba nasu, in ya shigo sai kowa ya kalli teburi. Ya koma ƙauyen, ya tarar an kulle gidan da katako, maƙwabta suka ce tsohon ya tashi, ba su san inda ya nufa ba.

Wata Talata da tsakar rana, ma'aikata sun buɗe akwatin zare a bakin titi suna gyara, sai ga wani mutum da rigar barci ya ture su, ya fizgi zare mai haske a ciki ya manna a idonsa na dama, yana cewa, "Nuna mini, nuna mini." Kafin su ɓamɓare shi aikin gama ya gama. Shi da ya yi koyon sana'ar, ya san dokar kamar yadda na san ta.

Yanzu yana gidan kula da marasa galihu a bayan tashar jirgi. Doreen tana inda take. Sau ɗaya na je, Marit ce ta matsa, ita ta ja ni har bakin gadonsa. Ɗakin na warin magani da tsohon kabeji. Ya ji sandata ya gane.

"Yaya? Ke ce?" Ya laluba ya kamo hannuna, nasa duk ƙashi. "Yaya, ban san zai kai haka ba. Ciwon ne, ba ki san ciwon ba. Ki yafe mini. Yaya, don Allah, kalle ni."

Na ce, "Da me?"

Na zare hannuna, na ce wa Marit mu tafi.

To, ku da kuke zaune gaban waya kuna jiran abin da zai tashi, ku saurare ni, don ni na biya kuɗin wannan karatu. Ku sayi jarinku da abin da kuka sani, ku ci riba ku yi asara kamar 'yan Adam. Amma duk wanda ya ce zai nuna muku gobe tun yau, ku tambaye shi ta wane baki za a zuba hasken, kuma na wa. Kwaɗayi ba ya fara cin baƙo, na gida yake fara ci, wanda ya yarda da kai har ya bar wanki a inji ya ɗauki makulli. Marit tana aiki yanzu a sashen da na bari, a kan kujerata. Kullum da safe kafin ta fita sai na laluba fuskarta na maimaita mata dokar, ita kuma ta daina yi mini dariya.